Yadda ake haɗa hoto da zanen hannu a labarin zane

Abin da ke cinye wa mai zana labari lokaci shi ne abin da ke bayan mutanensa: rumfunan kasuwa, buhunan albasa da aka jera, wayoyin kuran da suka sarƙe a bakin titi, taron jama'a a filin kokowa. Fuskar jarumi kan fito cikin ƴan mintoci, amma kasuwar da yake tafiya a cikinta sai ta ci yini. Shi ya sa matasanmu da yawa a nan Tawa ke barin bayan fari fat, wasu kuma su sauko da hoton wani titi na ƙasar waje daga intanet su manna, sai ka ga Ba'adare da gurayensa yana tsaye gaban benen da babu irinsa ko a Yamai. Wannan na biyun ya fi ci mini rai, domin garinmu na da abin nunawa, kuma salular da ke aljihunka ta isa ta ɗauko shi.

Haɗa hoto da zane ba ha'inci ba ne. Masu labarin zane na Japan da yawa haka suke gina titunansu da gidajensu. Sharaɗin dai ɗaya ne: mai karatu ya ji hannu ɗaya ne ya yi shafin duka. Tela idan zai yi wa riga faci yakan nemi ƙyalle da zare masu kama da na rigar, to haka za ka yi wa hoton, ka rage shi, ka goge shi, ka sake bin sa da alƙalami har ya sauko ya daidaita da zanenka.

Za mu bi aikin da misali guda: akwati ɗaya na shafi, wato ɗaya daga cikin gidajen zanen da aka raba shafi da su, inda wani matashin ɗan kokowa ke ratsa layin ƴan albasa da safe.

Kayan aiki

Krita da GIMP duk kyauta ne a kwamfuta. Wanda salula kawai gare shi, ibis Paint X za ta yi masa kusan duk abin da zan faɗa. Clip Studio Paint ta kuɗi ce, kuma babbar cikinta na da maɓallin da ke mayar da hoto layuka da ɗige-ɗige kai tsaye, amma kada rashinta ya tsayar da kai. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya yi shekaru masu yawa zaune a garin nan kafin rasuwarsa a 2015, tun shekarun 1960 yake sa zane motsi a fim, lokacin babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sunayen maɓallan da zan ambata na Faransanci ne, kamar yadda akasarinmu muke ganinsu a na'urorinmu.

Mataki na farko: zana kafin ka ɗauka

Kada ka fita da salula tukuna. Ɗauki takarda ka yi ƙaramin zane, wanda bai wuce tafin hannu ba, na yadda kake son akwatin ya kasance: ina jarumi zai tsaya, ina yake kallo, ina maganarsa za ta zauna. Wurin magana shi ne aka fi mantawa. Idan hoton ya cika da kaya daga sama har ƙasa, dole da'irar magana ta rufe abin da ka sha wahalar gyarawa. Ka bar mata sararin sama ko wani bango marar komai. Wanda ya fara da hoto sannan ya nemi labarin da zai cusa a ciki, hoton ne zai riƙa juya shi.

Mataki na biyu: ɗaukar hoton

Rabin aikin a nan yake, don haka zan ɗan daɗe.

Fara da izini. Mai rumfa ba ya son ya ɗaga kai ya ga an auna shi da salula. Ka yi sallama, ka gaishe shi, sannan ka ce: "Baba Alhaji, ni mai zane ne. Don Allah ina son in ɗauki hoton buhunan nan da rumfar, ba fuskarku ba. In na gama zan kawo muku ku gani." Ga mai tuwo ko mai fura: "Inna, kwanonin nan kawai nake so." In an ce a'a, ka yi godiya ka wuce. In ka yi alkawarin kawo zanen, ka kawo. Barikin soja, ofisoshin ƴan sanda da jandarma, shingen bincike da filin jirgi kuwa, ko kusa kada ka ɗaga musu salula. In labarinka na buƙatar irinsu, ka zana da ka.

Sai tsayin da za ka riƙe salular. Ka riƙe ta daidai idonka kana tsaye, a miƙe, kada ta kalli sama ko ƙasa, in ba haka ba ginshiƙan rumfa za su karkace kamar za su faɗi. Idan kuma so kake ɗan kokowar ya cika ido, ya yi kwarjini, ka tsuguna ka ɗauka daga tsayin gwiwa. Ko wanne ka zaɓa, ka riƙe shi a ka, domin zai dawo mana a mataki na huɗu.

Babbar kyamarar salula mai faɗin gani ce, tana miƙe abin da ke gefe-gefen hoto tana kumbura abin da ke kusa. Ka ja baya ka danna 2x idan salularka na da shi, ko ka ɗauka da faɗi daga baya ka yanke gefen. Hoton salula mai megafiksel 12 yana da fiksel 4000 a 3000, wanda ya isa ya cika shafin A4 guda, balle akwati ɗaya.

Lokaci ma da muhimmanci. Da hantsi ko bayan la'asar inuwa kan yi tsawo, ta fito da siffar kowane buhu. Tsakar rana a Tawa, wajen ƙarfe ɗaya saura, aba ce daban, kuma tana sauyawa da watanni. A farkon Mayu da tsakiyar Agusta rana kan tsaya daidai bisa kai, inuwar mutum ta taru ƙarƙashin ƙafarsa. A Disamba kuwa, ko da tsakar rana ta karkata kudu, inuwa ta faɗi arewa, tsawonta kusan kashi huɗu cikin biyar na tsayin mutum. Ranar da hazo ya sauko, inuwar kan dushe gaba ɗaya, nesa ta yi fari-fari. Idan labarinka na faruwa a yini ɗaya, ka ɗauki hotunansa a lokaci ɗaya na shekara. Mai karatu na garin nan zai gane in akwati na farko na hunturu ne, na biyu na damina.

Ga dabarar da ta fi kowace amfani: tafi da ƙanenka ko abokinka. Ya tsaya daidai inda jarumi zai tsaya ka ɗauka, sannan ya kauce ka sake ɗauka ba tare da ka gusa ba. Hoton da babu kowa shi ne na aiki. Wanda yake ciki kuma shi zai gaya maka tsayin mutum a wurin, inda ƙafarsa ta taɓa ƙasa, da inda inuwarsa ta nufa.

In za ka tura hoton zuwa kwamfuta ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda (Document), domin turawar da aka saba tana matse shi ta rage masa kyau. Wayar haɗa salula da kwamfuta ko kilen USB sun fi.

Hoton da ka gani a intanet kuwa yana da mai shi, ko ba a rubuta sunansa ba. Haƙƙin mai aiki abu ne da doka ta sani, a ƙasar nan ma akwai hukumar BNDA da ke kula da shi. A Wikimedia Commons ana samun hotunan da masu su suka yarda a yi amfani da su bisa sharaɗi, galibi a ambaci sunansu. Ni dai shawarata ka ɗauki naka.

Mataki na uku: shirya shafi

Buɗe sabon shafi. A4 a ma'aunin ɗigo 300 kowane inci yana ba da fiksel 2480 a 3508, A5 kuma 1748 a 2480. Idan baƙi da fari zalla za a buga, 600 ya fi. In maɗaba'a za ka kai, ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Shigo da hoton a shimfiɗarsa shi kaɗai (shimfiɗa ita ce calque, kamar takarda mai nuna ta ƙasa da ake jerawa ɗaya bisa ɗaya), ka kwafe ta sau uku, ka kulle ta asalin ka ɓoye ta. Kuma ka saba da adana aiki kowane ɗan lokaci, musamman a watannin zafi da kuran ke yawan ɗaukewa.

Mataki na huɗu: nemo layin ido

Yawancin zanen da ake gani kamar an yanko mutum an liƙa, a nan matsalarsa take, ko da launinsa ya yi kyau.

Buɗe sabuwar shimfiɗa a kan hoton, ka ɗauki jan alƙalami. Nemo layuka biyu da ke tafiya cikin hoton zuwa nesa, misali bakin kwanon rumfa a sama da gindin jerin buhuna a ƙasa. Ja kowanne ka zarce da shi har su haɗu. Ta wannan mahaɗar, ja layi a kwance daga gefe zuwa gefe. Wannan shi ne layin ido, wato tsayin da salularka take lokacin da ka ɗauka.

Idan a tsaye ka ɗauka kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, duk babban mutumin da ke tsaye a akwatin idonsa zai zo kusa da wannan layin, ko yana gabanka ko yana can ƙarshen layin ƴan albasa. Abin da ke sauyawa shi ne inda ƙafarsa take: na kusa ƙafarsa na ƙasan akwati, na nesa ƙafarsa ta hau sama ta matso layin. Kan yaro yana ƙasa da layin. Mai albasa da ke zaune a tabarma ya fi shi ƙasa. Wanda ke bisa raƙumi ko amalanke ya haye layin. Ɗan kokowarmu in dogo ne, layin ya ratsa ta haɓarsa. Idan kuma a tsugune ka ɗauka, layin zai ratsa gwiwar kowa, na kusa da na nesa, kuma za ka zana jarumin ana hango ƙasan haɓarsa.

Yanzu rage ƙarfin hoton zuwa kashi 30, ka zana mutanenka a shimfiɗa ta sama, kana duba hoton da ƙanenka yake ciki. Kada ka ci gaba sai ka ga ƙafafunsu sun taka ƙasa da gaske.

Mataki na biyar: rage hoton

Hoto ya cika surutu. Yana nuna kowane zare na buhu, kowace leda a ƙasa, kowane tsatsa a kwano, alhali jaruminka layuka kaɗan ne. In ka bar su haka, ido zai bar mutumin ya tafi kallon leda. Kwafi ukun nan da ka yi, kowanne da aikinsa.

Na farko na toka-toka ne. Cire masa launi da Désaturer, ka ɗan dusashe shi da fiksel 3 zuwa 5 don ƙananan tarkace su narke, sannan ka yi Postériser ka sa 3 ko 4. Hoton zai koma fari, toka mai haske, toka mai duhu da baƙi, kamar an shafa da hannu.

Na biyu na baƙi ne. Yi masa Seuil. Ma'aunin daga 0 zuwa 255 yake, yakan fara a tsakiya. Ja shi ƙasa, wajen 60 zuwa 80, har sai inuwa mafi duhu kaɗai ta rage: cikin rumfa, ƙarƙashin tebur, tsakanin buhu da buhu.

Na uku na layi ne. A GIMP yana cikin Filtres, ƙarƙashin Détection de bord. Ibis Paint ma na da tacewar da ke fitar da layin zane daga hoto. Bayan layukan sun fito baƙi a kan fari, bi su da Niveaux don dattin ya ragu. Na biyu da na uku ka sa su a yanayin Multiplier, wanda Photoshop ke kira Produit, don farinsu ya ɓace baƙin ya zauna.

A nan mutane da yawa ke tsayawa su ce an gama, kuma daga nesa ake gane aikinsu. Layin da na'ura ta fitar kauri ɗaya gare shi ko'ina, yana kakkaryewa, ba ya san abin da ke da muhimmanci. Ka ɗauke shi a matsayin jagora kawai. Buɗe sabuwar shimfiɗa, ka ɗauki alƙalamin da ka zana jarumi da shi, shi ɗin dai ba wani ba, ka bi manyan siffofi da hannunka: ginshiƙan rumfa, bakin kwano, cikin buhunan gaba da ɗaurin bakinsu, albasa biyar ko shida da suka gangaro ƙasa. In hannunka ya ɗan karkace, bar shi, wannan karkacewar ce ke haɗa bayan da mutumin. Albasar Galmi ba sai ka zana dubu ba. Ka fito da na gaba sosai, har da bushasshen wuyansu da ɓawon da ya ɗago, sauran ka bar su tuli.

Kaurin layi ya bi nisa. A shafi mai ɗigo 300, ni nakan ba jarumi fiksel 6 zuwa 8, abin da ke kusa da shi 4, na nesa 2. Sannan ka yi gogewa ba tausayi. Kewayen kan jarumi musamman, share shi ya yi sarari, kada sandar rumfa ta fito kamar daga ƙeyarsa ta tsiro. Ka yi gogewar da Masque de calque, wanda ke ɓoye abu ba tare da ya share shi ba, maimakon magogi, don in ka yi nadama ka iya dawo da abin. A nan ne kuma za ka cire abin da bai kamata ya fita ba: fuskar wanda ya gifta, lambar babur ɗin ɗan kabu-kabu, lambar waya da sunan da ke allon butik. Allon ka sake rubuta shi da hannunka, da sunan da ka ƙirƙira.

Taron filin kokowa ma haka ne. Garin nan na Tawa, inda aka fara gasar kokowa ta neman takobin ƙasa a 1975, ba zai rasa mai son zana fili cike da jama'a ba. Hoton taron ka mayar da shi tabo-tabo na baƙi da toka, sahun gaba kaɗai za ka zana da hannu, da fuskokin da ba na kowa ba.

Mataki na shida: dasa mutum a ƙasa

Inuwa iri biyu ce, kuma kowace da shimfiɗarta a yanayin Multiplier, ƙarƙashin jarumi. Ta farko siririya ce mai duhu, daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa. Ita kaɗai ma tana hana mutum shawagi. Ta biyu ita ce doguwar da rana ta jefa. Dubi inuwar ginshiƙin rumfa a hoton: inda ta nufa nan ta jarumi za ta nufa, kuma in inuwar ginshiƙi ta kai rabin tsayinsa, ta mutum ma rabin tsayinsa ce. In ta ci karo da buhu ta hau kansa ta lanƙwasa, in ta kai bango ta miƙe tsaye. Kada ka yi ta da baƙi wuluk. Ɗebo launinta daga wata inuwa da ke cikin hoton. A jar ƙasa irin tamu za ka ga ruwan ƙasa ne mai duhu.

Jikin jarumin ma ya bi wannan ranar. In hasken ya fito daga dama, gefen hagu na fuskarsa, ƙarƙashin haɓa da ƙasan gurayen damtsensa su ne a inuwa.

Sai wata ƙaramar dabara mai babban aiki: yanko wani abu daga gaban hoton, buhu ɗaya ko igiyar rumfa, ka ɗora shi a shimfiɗar da ke saman jarumi, ya rufe masa ƙafa ɗaya ko gefen wando. Da zarar wani abu na gabansa wani na bayansa, ya shiga cikin kasuwar ke nan. Ka kuma ɗan watsa rairayi a bakin takalminsa.

Mataki na bakwai: launi

In mai launi kake yi, kada ka dawo da launin hoton yadda yake. Ɗebo biyar ko shida daga cikinsa: jar ƙasa, ruwan buhu, shunin albasa, tokar kwano, launin sama. Da su za ka shafe bayan a ƙarƙashin layukanka, kuma daga cikinsu za ka ɗauki na tufafin jarumi, sai dai ka bar masa launi ɗaya mai ƙarfi da babu wanda ke da shi a akwatin. A can sama da komai, shimfiɗa launi guda a kan akwatin duka da ƙarfin kashi 10 zuwa 15: ruwan ƙwai don safiya, fari mai ƙura don hazo. Abin da ke nesa ka dusashe shi ya fi na kusa haske.

Akwai inda ake barin hoto a hotonsa da gangan, kuma yana da daɗi in an yi shi da dalili: tsohon hoton mahaifi a hannun jarumi, fuskar salula, takardar da aka manna a bango. Haka kuma za ka iya ɗaukar hoton tabarma, bangon laka ko bayan ƙwarya, ka cire launinsa, ka ɗora a kan abin da ka zana da ƙarfi kaɗan don ya ba shi kaushi. In a kan tufa ne, ka lanƙwasa shi ya bi ninkin tufar, kada ya kwanta sambal.

Mataki na takwas: gwaji da fitarwa

Ƙanƙanta akwatin ya koma girman da za a gan shi a salula, ka kawar da kai, ka sake dubawa. Inda idonka ya fara sauka, nan na mai karatu zai sauka. In a kan buhu ne maimakon fuskar ɗan kokowa, koma ka ƙara gogewa. Juya shafin hagu zuwa dama ma, karkatar da ido ya saba da ita sai ta bayyana. Sannan ka nuna wa wanda bai san yadda ka yi ba, ka tambaye shi ko ina ne nan. In ya ce kasuwa ce, bai ce hoto ne ba, ka wuce akwati na gaba.

Adana fayil ɗin aiki da shimfiɗunsa duka, .kra a Krita ko .xcf a GIMP, sannan ka fitar da kwafi a PNG, domin JPEG na ɓata gefen layi da rubutu. Na Facebook, dogon gefen ya zama fiksel 2048.

Wanda zai buga a takarda, musamman ta fotokopi kamar yadda akasarin ƙananan littattafanmu ke fita, ya kula da toka-toka. Injin fotokopi ba ya riƙe ta da kyau, wani wuri ta ɓace, wani wuri ta yi dabbare-dabbare. Mayar da ita ɗige-ɗige, wajen layi 60 a kowane inci, kuma ka yi hakan a ƙarshe, bayan girman shafi ya tabbata, domin in ka ƙara ko ka rage girman bayan an sa ɗigon, wani zane mai kama da raga zai fito a kai. Buga shafi ɗaya tak na gwaji a injin da za a yi aikin da shi, ka duba ko layukan nesa masu fiksel 2 sun fito. In sun ɓace, mayar da su 3 kafin ka biya kuɗin sauran.